Jawabin Alhaji a Shekarar da Kanal Ya Ɓalle

Mahaifina malami ne, kuma manomi. Da safe yana zaure da ɗalibai, da hantsi ya naɗe buzu ya saɓa fartanya ya nufi lambu. A ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure haka yawancin malamai suke, don haka ba wanda ke mamakin ganin tawada a yatsan mutum da laka a ƙafarsa. Cikin fannonin da yake karantarwa, balaga ya fi ƙauna, wato ilimin sanin yadda ake tsara magana ta dace da wurin da ake yin ta da mutanen da ake yi wa. Manyan ɗalibai 'yan kaɗan ne ke zaman wannan darasi, ranar Alhamis bayan la'asar, ni ma ina cikinsu. Na haddace babuka da misalai, amma a lokacin ina ganin abu ne na huɗuba da tafsiri kawai.

A wata shekarar zaɓe, gefen kanal ɗin da ke kawo mana ruwa ya zaizaye tun da damina. Aka toshe wurin da buhunan ƙasa, aka ce ya isa. Rani ya kankama, tumatir ya fara fure, albasa ta fara ɗaura kai, sai wurin ya sake ɓallewa, masu kula da ruwa suka rufe ƙofar da ke sama da mu. Masu hali suka haƙa rijiya suka sa inji. Sauran jama'a kuwa kullum sai su je lambu su tsaya suna kallon ganye yana nannaɗewa.

Abin da ya ƙara wa mutane zafi shi ne, a zaɓen da ya gabata jam'iyyar da ke riƙe da mazaɓarmu ta yi alƙawarin shafe wannan gefen kanal da siminti. Ba a yi ba. Ga shi yanzu ita ce za ta kawo mana sabon ɗan takarar majalisa, wani saurayi mai ilimin boko da ya tashi a birni. Shugabannin jam'iyya na ƙauyenmu suka zo suka roƙe ni in zama sanƙiran taron, saboda ni nake riƙe lasifika a wajen saukar karatu da ɗaurin aure. Na shaida wa Malam, wato mahaifina, ina zaton zai hana. Sai ya ce, "Je ka. Ni ma zan leƙo, an ce Alhaji yana cikin tawagar."

Alhajin da yake nufi tsohon ɗan siyasa ne daga wani ƙauye ta wajen Madobi. Ya taɓa zama ɗan majalisa tun ina yaro, daga baya ya daina tsayawa takara, sai dai ya raka wasu. Na sha jin ana cewa ya iya magana, amma ban taɓa ganinsa ba. Da motoci suka iso filin makarantar firamare, na yi ta neman wani mai babbar riga da ƙaton rawani. Ashe wani siririn tsoho ne cikin farar riga marar aiki, da hula da ta fara koɗewa. Ya zauna a ƙarshen layin kujeru, ya ɗora sandarsa a cinya.

Filin ya cika maƙil, amma ba irin cikar da 'yan siyasa ke so ba. Ba tafi, ba guɗa. Manoma ne tsaye da hannuwa a baya, samari kuma sun jeru a kan baburansu a gefe. Na hango Malam can nesa a gindin darbejiya, ya shimfiɗa buzunsa shi kaɗai. Na fara gabatar da baƙi, ina jero musu kirari, muryata tana dawo mini daga bangon aji ba wanda ya amsa.

Ɗan takara ya karɓi abin magana. Yaro ne mai ladabi, kuma daga baya na gane yana da kyakkyawar niyya, amma ya fara da tsare-tsarensa na ilimi da lafiya, rabin maganar Hausa rabi Turanci. Bai yi nisa ba wani ya ɗaga murya daga baya: "Ruwa!" Nan take filin ya ɗauka. "Ruwa! Ruwa! Ba ma yi!" Samari suka tayar da babura suna murɗa totur. Wani ya jefo busasshen hoge ya fashe a jikin kanofi. Mai kiɗa ya ƙure sauti don ya rufe ihun, abin ya ƙara dagulewa. Na ga direbobi sun fara juya kan motoci.

Sai na ji an taɓa gwiwar hannuna. Alhaji ne. Ya ce, "Malam ƙarami, sa a kashe kiɗan nan, ka miƙo mini abin."

Na miƙa masa. Bai tsaya a kan dandamali ba. Ya sauko matakala a hankali, yana dogara sanda, har ya tsaya a ƙasa, a gaban mutanen farko, inda duk mai son marinsa zai iya. Ina biye da shi ina jan waya. Ya tsaya bai ce komai ba, yana duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Shirun ya yi tsawo har na gaba suka fara tsawatar wa na baya, don kowa yana son ya ji abin da tsohon zai iya faɗa. Sannan, da wata murya mai ɗan shaƙewa wadda sai an kasa kunne, ya yi sallama.

Filin ya amsa. Ba yadda za su yi, Musulmi ne an yi musu sallama.

Akwai wani maƙwabcinmu a lambu da muke kira Kawu, mutum mai shiru-shiru wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ranar ya zo da ɗaurin matattun tumatir da ya tuge daga gonarsa, ya ɗaga shi sama tun farkon taro, idanunsa jajur. Alhaji ya nuna shi da sanda.

"Bawan Allah mai ɗauri, don girman Allah matso. Ku ba shi hanya."

Kawu ya iso. Alhaji ya sa masa abin magana a hannu ya ce, "Faɗa musu. Kai ka fi ni cancantar magana a yau."

Kawu ya buɗe baki, ya ji muryarsa ta fito daga lasifika, ya ɗan firgita. Ya ce, "Wannan shi ne abin da na shuka." Ya dubi ɗaurin. Ya sake cewa, "Shi ke nan. Shi ne abin da na shuka." Ya mayar da abin maganar.

Alhaji ya zaro tsiro guda daga ɗaurin, ya juya shi a hannu kamar mai duba marar lafiya.

"Wannan sai da ya yi fure sannan ya mutu," ya ce. "Na gaba, kun ga furen nan a bushe? Da tun a reno ya mutu, da da sauƙi. An rene shi, an dasa, an yi masa noma, an sa taki, an yi feshi. Sai da ya nuna wa mai shi fuskarsa, sannan ya tafi."

Na ji wani tsoho a bayana ya ja numfashi.

"Ina da tambaya. Wa ya tsaya a filin nan ya ce za a yi wa kanal siminti?"

Ba wanda ya amsa.

"Ku faɗa mana, ai kun san shi."

"Kai ne!" wani saurayi ya ce daga kan babur.

"Ni ne. A can na tsaya, gindin sandar tutar makaranta. An yi?"

"Ba a yi ba!"

"Ba a yi ba," ya maimaita, a hankali, kamar yana ajiye wani kaya mai nauyi. "Ban zo in ce ku yi haƙuri ba. Haƙurin kun yi shi har ya ƙare tun kafin in iso."

Daga nan ya shiga wani labari da ba wanda ya zata. Ya ce lokacin da yake yaro babu kanal a ƙasar nan. Da an gama girbi sai mazan gari su ɗaure tabarmi su tafi cin rani, a bar mata da tsofaffi da yara. Ya ce bai taɓa ganin mahaifinsa a gida da rani ba, har ya ɗauka haka Allah ya halicci iyaye maza, damina ce ke kawo su. Sannan ya ba da labarin ranar da aka fara sako ruwa: yadda bakin ruwan ya taho a hankali yana tura ciyayi da kumfa, yadda dattawa suka cire takalma suka riƙe a hannu suna tafiya a gefensa suna raka shi kamar baƙo, yadda mahaifinsa ya tsuguna ya ɗebo da tafin hannu ya shafa a fuska.

"A ranin nan mahaifina bai tafi ba," in ji Alhaji. "Bai sake tafiya ba har ya bar duniya. Ruwan nan shi ya dawo mana da iyayenmu gida."

A nan muryarsa ta karye. Ina dab da shi, na ga hawaye ya gangaro ya shiga farin gemunsa, bai share ba. Filin ya yi tsit, har ana jin ƙarar janareto a bayan aji. Na dubi samarin da suka zo da niyyar watsa taro, sai na ga duk sun kashe babura, wani ya sunkuyar da kai a kan tankin babur ɗinsa.

"Idan ruwan ya tafi, 'ya'yanmu za su bi shi. Wannan ne ya hana mu barci, ba tumatir kaɗai ba. To ni ba ni da katafila, ba ni da siminti. Abin da nake da shi kujera ce guda, da tsufa. Gobe zan kai kujerata bakin ɓarakar nan in zauna. Duk mai son zagina ya san inda zai same ni. Wannan yaron kuma," ya waiwaya ya nuna ɗan takara, "zai ɗauki waya ya yi ta kira da Turancin nan da kuka yi wa ihu, don masu katafila shi suka fi ji."

Aka fashe da dariya, dariyar farko a ranar. Shi kansa ɗan takaran ya yi murmushi, kafaɗunsa suka sauko.

"Ƙuri'a kuwa, ku riƙe abarku. Yau ba ranar maganarta ba ce. A yi mana addu'a mu tashi."

Mutanen da suka jefi kanofi su ne suka raka motarsa har bakin titi. Kawu yana tsaye inda aka bar shi, ɗaurin tumatir a ƙasa gefen ƙafarsa.

Ni da Malam muka koma gida ta kan gaɓar busasshen kanal. Yana tafe yana jan carbi. Can sai ya ce, "Ka ga sallamar nan?"

Na ce na gani.

"Abu na farko da taron ya yi da baki ɗaya bayan ihu, amsa masa ne. Daga nan bai bar su sun daina amsawa ba. Tambayoyinsa duk ya san amsarsu, ba sani yake nema ba, so yake su faɗa da bakinsu. Kuma zargin da suka zo da shi, ya riga su furta shi, sai ya zama ba su da abin jifa." Ya taka 'yan taku. "Ka lura da inda ya daina cewa ku ya koma cewa mu?"

Na ce ban lura ba.

"Ba kai kaɗai ba. A wajen labarin mahaifinsa ne. Ya shiga labarin yana wanda ake tuhuma, ya fito yana ɗaya daga cikin waɗanda aka cuta. Na shekara nawa ina karantar da babin juya lamiri, ban taɓa ganin an yi shi haka a gabana ba." Ya girgiza kai ya yi tasbihi. Ban saba ganin wani abu ya kama mahaifina haka ba. Sai kuma ya ƙara da cewa, "Amma ka riƙe wannan ma: bai yi ƙarya ba, kuma bai ce za a yi siminti ba. Har ya gama ba wanda ya tambaye shi dalilin da ya sa ba a yi ba tun farko. Allah ya ba shi abu mai girma. Ina jin daɗinsa, ina kuma tsoronsa."

Washegari Alhaji ya cika maganarsa. Aka sauke masa farar kujerar roba a gindin mangwaro kusa da ɓarakar, ya zauna da butarsa da rediyonsa. Da farko mutane kallo suke zuwa, daga baya wurin ya zama majalisa, har mai shayi ya kafa teburi.

'Yan ɗaya jam'iyyar ba su zauna ba. Ranar kasuwar Bunkure suka zo da nasu gwanin, wani ƙosasshen mutum mai murya kamar tsawa, gwanin habaici. Ya ce, "Kun nemi ruwa, an ba ku tsoho a kujera. Ku shuka shi mu ga ko zai yi 'ya'ya!" Kasuwa ta ɗauki shewa. Da na kawo wa Malam labari sai da ya yi dariya har ya tuɓe hula, ya ce wannan ma gwani ne, ya haɗa abubuwa biyu masu karo da juna a jimla guda, kuma irin maganar nan ita ke tafiya da ƙafarta daga bakin wannan zuwa na wancan. Yara suka fara yi wa Alhaji waƙar mai kujera. Shi kuwa da ya ji, sai ya sa aka zana kujera a jikin motarsa.

Bayan 'yan kwanaki katafila ta iso, aka cike wurin, aka sako ruwa. Tumatir ɗin mutane da yawa ya riga ya tafi, amma albasa ta farfaɗo, wasu kuma suka maye gurbin da masara. Akwai masu cewa an riga an tsara zuwan katafilar, Alhaji ya samu labari ne kawai ya kai kujerarsa ta jira ta. Wasu suka ce wayar ɗan takara ce ta yi aiki. Ban san gaskiyar ba har yau. Siminti dai ba a yi ba. Ɗan takaran ya ci akwatunan ƙauyenmu. Na tambayi Kawu wa ya zaɓa, ya ce, "Su na dangwala wa. Amma ka sani, yatsana ne ya yi, ni ban huce ba."

Bayan zaɓe, wata Alhamis muna tsakiyar darasi, sai ga sallama a ƙofar zaure. Alhaji ne, shi kaɗai da direbansa. Ya ce an gaya masa akwai malamin da ya warware jawabinsa zare-zare, ya zo ya ji da kunnensa. Malam ya sa aka kawo masa kujera, ya ƙi, ya zauna a tabarma cikinmu.

Malam ya maimaita masa abin da ya gaya mini a hanya, yana kawo sunan kowane salo da Larabci, yana buɗe littafi yana nuna masa. Alhaji yana saurare, bakinsa a ɗan buɗe. Da aka zo kan juya lamiri sai ya dafa ƙirji.

"Allah gafarta Malam, wai wannan ma yana da suna?"

"Yana da suna, Alhaji, tun zamani mai nisa."

"Ikon Allah. Ni da nake ganin ni na ƙirƙiro abina. Ashe an riga ni."

Muka yi dariya. Ya ce shi bai koyi magana a littafi ba, a wajen ta'aziyya da teburin mai shayi ya koya, don a can mutane ke faɗin abin da ke cikinsu ba tare da sun san ana saurare ba. Ya ce kafin ya shiga kowane gari sai ya sa a tsayar da mota a nesa, ya zaga gonaki da ƙafa. Ya ce kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa riƙe lasifika bai ji tsoro ba.

Sai Malam ya rufe littafin ya dube shi.

"Alhaji, zan yi maka tambaya, in ka ga dama kada ka amsa. Hawayen nan na ranar, na gaske ne?"

Na ji kunya ta kama ni a madadin baƙon. Amma shi bai nuna ɓacin rai ba.

"Malam, tun a mota na san zan kawo labarin mahaifina, na kuma san in na kawo shi zan yi kuka. Na zaɓi wurin da zan sa shi. Amma da kukan ya zo, wallahi nawa ne, ban aro shi ba. To ka faɗa mini sunan wannan a littafinku."

Malam ya yi murmushi ya ce, "Wannan babu shi a babin da muke. Tsakaninka da Ubangijinka ne."

"Haka nake tsoro," in ji Alhaji.

Daga ranar ya zama ɗalibin darasin Alhamis. Ba kullum yake zuwa ba, kuma bai taɓa iya riƙe sunayen Larabcin ba, sai ya sa musu nasa. Amma duk babin da Malam ya buɗe, Alhaji zai kawo misalinsa daga wani taro da aka yi a Kura ko Madobi ko wani ƙauye da ban taɓa jin sunansa ba: abin da wane ya faɗa, yadda jama'a suka amsa, inda mai magana ya yi tuntuɓe ya rasa taron. Yakan kwaikwayi muryoyin abokan hamayyarsa, yana yaba musu fiye da yadda yake yabon 'yan jam'iyyarsa. Wani lokaci su yi ta gardama da Malam a kan jimla guda har ladan ya kira magariba, mu ɗalibai mun ajiye littattafai muna kallonsu kawai. Idan an idar da salla, Malam yakan raka shi har mota, su tsaya a jikin ƙofa su ci gaba da musun, direba yana ta duban agogo.